Mama Lydia, Wadda Ta Ƙirga 'Ya'yan Fari

Ku gafarce ni tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ban da malaman makaranta, su ma dole ce ta sa. Karatu dai na iya, shi ma a ɓoye, a bayan aji ko a gindin ɗorawa idan shanu sun kwanta. Wannan takarda sau huɗu ina yaga ta. In kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri ku kau da kai, ku dubi matar da nake son nuna muku. Sunana Rumasa'u, daga wata ruga a bayan Yangoji. Abin da ban gani da idona ba, na tambayi waɗanda suka gani.

Sunanta Lydia Mato. A ofishin ƙididdiga na gwamnati ana ce mata Mama Lydia, 'yan kasuwar Gudu suna ce mata Mai Mudu, a rugarmu kuwa Lidiya Mai Tambaya. Makon jiya ta yi ritaya, bayan shekara talatin da biyar tana aikin da mutane da yawa ba su san akwai shi ba. Takan shiga gida-gida, rumfa-rumfa, ta yi tambaya, ta rubuta amsa, domin alƙaluman da ake karantawa a rediyo su kasance suna da tushe.

Da asuba take tashi a gidanta na Orozo. Ta yi addu'arta, ta zaga bayan gida ta duba 'yan kunyoyin doyarta, don 'yar Gbagyi ce, aikin gwamnati bai raba ta da fartanya ba. Sannan ta saɓa jakar nan ta fata wadda igiyarta ta tsinke sau uku aka ɗinke. A ciki akwai fensir uku, reza, lema, takalmin roba saboda taɓo, ƙullin goro ko da yake ita ba ta ci, da mudu guda na ƙarfe. Ta hau bas ta sha cunkoson Nyanya tana gyangyaɗi, jakar a rungume a ƙirjinta.

Mudun nan shi ya ja mata suna. Idan ta je Gudu ɗaukar farashin kayan abinci, ba ta yarda da mudun kowa ba, don ta san wani an bubbuga gindinsa ya shige ciki, wani kuma ana tsiri, wani ana shafe baki. Sai ta sa a juye a nata. Masu hatsi suna hango ta za su fara:

"Ga Mai Mudu nan! Mama, yau ma tambaya za ki saya?"

"Tambaya zan saya," in ji ta, "amsa kuma ka ba ni gyara."

Hausarta irin ta Abuja ce, takan ce wa mace "shi", ta jefa Turanci a tsakiya, ta ci gaba abinta. Ba wanda ya taɓa jin haushi.

Shekara ashirin da shida ta yi da takarda da fensir. Takardun kuwa, in an gama cika su, sai a ɗaure a jibge a sito su jira masu shigarwa. Gara ta ci nata, yoyon kwano ya ci nasa. Kafin sakamako ya fito, jaririn da aka rubuta ya fara gudu. Wannan ya daɗe yana cin ranta.

Shekara tara da suka wuce, ofishinsu ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfani mai zaman kansa, na wasu matasa masu harkar na'ura. Kamfani zai kawo kwamfutocin hannu, ya gina fom ɗin tambayoyi a ciki, ya horar da ma'aikata. Ofis kuma zai kawo mutanensa da suka san hanya, bayanan da aka tara kuma su zama na gwamnati. Tsofaffin ma'aikata suka tsorata. Wasu suka ce dabarar korarsu ce. Mama Lydia ta zauna a kujerar gaba ranar farko, ta sa tabarau.

Mai koyarwar wani saurayi ne, Tawfiq, haifaffen birni, mai saurin magana da saurin tafiya. Shi ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce kwana biyu allon kwamfutar ya ƙi jin yatsan Mama. Ta danna, shiru. Ta ƙara dannawa, shiru. Ashe kantar fartanya ce ta yi kauri.

"Injiniya," ta ce, "wannan abu naka ba ya son manomi."

Aji ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta gwada yatsunta ɗaya bayan ɗaya har ta gano ƙaramin yatsanta na hagu yana aiki. Da shi ta koya. Lokacin cin abinci kowa ya fita, ita tana zaune tana dangwale da ɗan yatsa ɗaya. Ranar jarrabawa ta zo ta huɗu cikin mutum sittin, tana da shekara hamsin da ɗaya.

Aikin farko da aka yi da kwamfutocin shi ne ƙirga yaran da suka isa shiga makaranta a ƙauyuka da rugagen yankin Kwali, don a san inda za a gina aji a turo malami. Ƙa'idar aikin a fili take: wurin da ya kai yara arba'in zai samu, wanda bai kai ba ya jira zagaye na gaba, bayan shekara huɗu. Rugarmu ba ta da makaranta. Mafi kusa sai an tsallaka babban titi mai manyan motoci, ba kuma uban da zai yarda.

Mama Lydia aka turo mana. Fom ɗin ya ce a tambayi kowace uwa 'ya'yanta nawa. In ta ce uku, gurbi uku ne zai buɗe, a cika sunaye da shekaru, ya rufe, ya tafi ofis nan take. Ta bi bukka-bukka. Da ta gama, na'ura ta ce yara talatin da ɗaya.

Ta tsaya a bakin ruga ta daɗe. Yaran da suka rako ta suna kallon kwamfutar, da ido kaɗai ta ga sun fi haka. Ta kuma san dalili, don ba ranar ta fara shiga ruga ba. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Kunya ce. Ba ta kiransa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an tambaye ta 'ya'yanta ba ta sa shi a ciki. Yawanci ma da an yaye shi sai ya koma bukkar kakarsa. Shi kuma ba ya ce mata Inna, Adda yake ce mata, kamar yayarsa. Da can, a zamanin takarda, Mama Lydia ba ta taɓa yin gardama da kowa a kan wannan ba. Sai ta rubuta abin da uwa ta faɗa, ta tambayi tsohuwar gida a hankali, ta ƙara da fensir a gefen takarda. Shekara ashirin da shida tana haka, ba wanda ya sani, ba kuma wanda ta gaya wa, don ba ta ɗauka wani abu ba ne.

Kwamfuta kuwa ba ta da gefe. Kuma Mama ba ta iya danna huɗu a inda uwa ta ce uku, don ba ta taɓa sa wa mutum maganar da bai yi ba a baki.

Ranar Laraba ta shiga ofishin shugabansu, Oga Datti. Tawfiq yana ciki, suna duba babban allo. Ranar Juma'a da tsakar rana za a rufe jerin wuraren a miƙa.

"Sa, ina so a buɗe rugar Yangoji."

"Madam, an rufe Yangoji. Talatin da ɗaya. Ke kika kawo."

"Ni na kawo, amma bai cika ba."

Tawfiq ya juya allon ya nuna mata sunanta da jan layi. Na'urar tana auna lokaci, an ware minti goma sha biyar ga kowane gida, ita kuwa takan kai awa guda, don sai ta gaishe da mutane, ta tambayi shanu, ta tambayi ruwa.

"Mama, ki yi haƙuri, ke ma kin yi ja sau biyu. In ya zama uku, sistem zai cire ki daga aikin fili. Kuma sistem ba ya ƙarya."

"Ban ce ya yi ƙarya ba. An gaya masa rabi, shi ma ya faɗi rabi." Ta cire tabarau. "Injiniya, kai na nawa ne a gidanku?"

"Na fari."

"Mamanka yana kiran sunanka?"

"Tana kira mana. Har maƙwabta suna ji."

Oga Datti ya yi dariya. Mama ba ta kula shi ba.

"Kakanka mace fa? Yana kiran sunan babanka?"

 Daga baya Tawfiq ya ce mini a ranar ya fara lura cewa shekara ashirin da shida yana duniya bai taɓa jin kakarsa ta ambaci sunan babansa ba. "Wancan" take cewa, ko "mutumin Abuja".

Oga Datti ya ce ba mota, ba kuma zai ɗaga ranar Juma'a saboda zato ba. In sun kawo hujja, zai duba. In ta je ta ɓata yini ta dawo hannu biyu, jan layi na uku nata ne.

"Na ji, sa," ta ce. Ta dubi takalman Tawfiq masu ƙyalli. "Gobe ka sa na roba."

Ranar Alhamis suka hau motar haya, suka sauka a Yangoji, suka ƙarasa a kan babur. Wannan ɓangaren na gani da idona. Shekarata takwas. Ina zaune a ƙofar bukkar Adda ina riƙe mata ƙwarya tana tace nono. Mama Lydia ta ce wa Tawfiq ya yi tambayar da kansa.

"Sannu, baiwar Allah. 'Ya'yanki nawa?"

"Uku," in ji Adda. "Shafi'u, Zakiyyu, da Amatullah ta goye."

Ya dube ni, ya dube ta. Kowa yana cewa kamar an tsaga kara, ni da Adda.

"Wannan fa?"

Adda ta juya tana kallon maruƙa. "Ta tsohuwa ce."

"A'a, ina nufin, ke kika haife ta?"

Matan da ke wurin suka rufe baki da gefen zane. Wata ta ce, "Kai, ɗan birni!" Adda ta ajiye matacin, ta tashi ta shige bukka ta saki asabari. Ni kuma na rasa inda zan sa idona. Ban ji haushinta ba, haka na taso na gani. Amma na tuna na so ƙasa ta buɗe.

Mama Lydia ta taka ƙafar Tawfiq, ba a hankali ba.

"Ka kori mai gida daga gidansa. Zo ka ga yadda ake yi."

Ta kama hannuna, ta ce in kai ta wurin tsohuwar. Goggo, kakata, tana zaune a inuwa tana gyaran faifai. Mama ta durƙusa, ta kwance ƙullin goro, ta gaishe ta gaisuwa mai tsawo har Tawfiq ya fara leƙen agogo. Sai da aka gama da ciwon gwiwa da tsadar dusa, sannan ta ce:

"Goggo, da safe su wa suke shan fura a ƙwaryarki?"

Goggo ta miƙe wuya. "Ni? Ai ni ce mai mutane. Ga Rumasa'u nan, ta ɗana babba. Shekararta takwas, da kaka aka haife ta, shekarar da muka sauka nan. Ga na 'yata, ya tafi da shanu. Ba mai raba ni da su."

Haka kawai. Sunana ya fito da ƙarfi, a tsakar ruga, gaban baƙi. Tawfiq ya ɗaga kwamfutarsa, ya duba sama ya duba ƙasa, babu inda zai sa ni. Fom ɗinsa bai san kaka ba. Mama ta buɗe jaka ta miƙa masa fensir da bayan wata tsohuwar takarda.

"Injiniya, ga tsohon sistem. Ba ya buƙatar caji."

Suka bi tsofaffin rugar ɗaya bayan ɗaya. Mama ba ta yarda da suna kawai ba, sai ta ga yaro da idonta, don haka suka zauna har la'asar, sai da masu kiwo suka dawo. Tawfiq ya sha fura har sau biyu. Ya jera sunayen, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Goma sha biyar, duk 'ya'yan fari. Talatin da ɗaya ya koma arba'in da shida.

Ba zan rage wa Tawfiq nasa ba. Ba ƙaramin abu ba ne saurayi ya je ya gaya wa shugabannin kamfaninsa cewa fom ɗin da ya gina, wanda aka yi ta yabo, yana zubar da yara. Ya faɗa. Ranar Juma'a da safe shi da Mama suka ajiye wa Oga Datti takardar fensir a kan tebur. Oga ya karanta sunayen a hankali. Da ya kai ƙarshe ya ce:

"To sauran rugagen fa?"

"Shi ne nake jira ka tambaya, sa," in ji Mama.

Ya ɗauki waya ya roƙi mako guda, aka ba shi. Kamfani ya gyara fom ɗin. Aka ƙara tambayar da za a yi wa tsohuwar gida, aka kuma buɗe wani fili a ƙasan kowane shafi inda ma'aikaci zai rubuta abin da idonsa ya gani. A takardun kamfani yana da wani dogon suna. Ma'aikata kuwa har yau "gefen Mama Lydia" suke ce masa. Aka sake bin rugage, huɗu daga cikinsu suka haye arba'in. Aka kuma daina auna gaisuwa da agogo.

Bayan damina biyu aka gina mana aji biyu, aka turo Malam Enoch da kekensa. A wurinsa na fara ganin littafin da ba na kowa ba ne, wanda za a ba ka ka tafi da shi gida. Yanzu ina sakandare a Kwali.

Daga wannan shekara kamfani ya roƙi a ba shi aron Mama cikin masu horarwa. Suka raba aiki, Tawfiq ya koyar da na'ura, ita ta koyar da mutane. An ce matasa sama da ɗari shida suka bi ta hannunsu. Takan fara da ajiye mudunta a kan tebur ta ce, "Kafin ka yarda da lamba, ka tambaya da me aka auna." Ta koya musu wa ake tambaya a gidan Gbagyi, wa ake tambaya a ruga, wace tambaya ba a yi wa mace a gaban surukarta. Ta kuma sa aka rubuta duk wannan, don ta ce kuskurenta ɗaya a aiki shi ne ta bar abin da ta sani a gefen takarda shekara ashirin da shida, ba ta gaya wa kowa ba.

Mama, yanzu da ke nake. Ke ce kika ga cewa lamba tana iya zama daidai a na'ura, amma yaro yana tsaye a waje. Ke ce ba ki ce wa Adda al'adarta banza ba ce, ba ki kuma ce wa Tawfiq na'urarsa banza ba ce. Kin bar wa uwa kunyarta, kin samo wa 'ya gurbinta. Mai mudun da ba a bubbuga ba. Sunanki bai taɓa fitowa a bangon rahoto ba, na duba guda uku a laburaren makarantarmu. Na gode. Mu goma sha biyar mun gode, har da waɗanda suka koma kiwo bayan firamare, don yanzu su suke karanta wa iyayensu takardar allurar shanu.

Ku kuma masu ofis da masu kamfani, da za ku ci gaba da sa hannu a yarjejeniyoyi irin wannan, ku kawo na'urorinku, muna so, sun fi gara da yoyon kwano. Amma kafin ku gina fom, ku nemi mai tsohuwar jaka a ofishin, ku ba ta kujera, ku tambaye ta me take rubutawa a gefe. Ku matasa masu shiga aikin, ku yi gaisuwa, ko da agogo yana kallonku.

Ranar Asabar aka yi mata walimar sallama a wani ɗakin taro a Gudu. Malam Enoch ya gaya mini, ya ce in rubuta wani abu in karanta. Da zan fito, Adda ta miƙo mini kwalbar man shanu a naɗe cikin tsumma, idonta yana kan maruƙa.

"Ki kai wa Mai Tambaya," ta ce. "Ki ce mata waccan tana karatu."

"Wace waccan, Adda?"

"Ke, tafi kar mota ta wuce ki."

Na isa, na zauna a layin ƙarshe kusa da ƙofa. Oga Datti ya yi jawabi, Tawfiq ya yi, ya nuna wa mutane guntun fensir ɗin da ya ƙi mayarwa. Da mai gabatarwa ya ce ko akwai mai magana daga cikin jama'a, takardata ta jiƙe da gumi a hannuna, na ci gaba da zama a kujerata. Shi ya sa kuke karanta ta a nan.

Da aka fara rabon abinci na lallaɓa na ajiye kwalbar a teburin kyaututtuka, na rubuta saƙon Adda a gefen takarda na soke a ƙarƙashinta. Na ɗaga kai na hango Mama a can gaba cikin sabon leshi, tsohuwar jakar a kan cinyarta. Leɓɓanta suna motsi, ƙaramin yatsanta na hagu yana bin layukan kujeru. Ko a ranar ritayarta ƙirga mutane take yi. Saura layi biyu ta iso inda nake, na ja mayafina na sulale ta ƙofar baya. Ta riga ta ƙirga ni sau ɗaya, ya kuwa ishe ni.